A Bayan Zanar Mai Kifi

Har na yi aure na haihu ban taɓa cin abinci a kasuwa ba. A ƙauyenmu, can gefen Gabi, matar aure ba ta tauna a gaban mutane. In an sayo maki ƙosai, sai ki ƙulle shi a bakin zane, ki kai ɗaki, ki ci shi bayan ya huce. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Akwai kuma wata kunyar da ta fi wannan nauyi, kunyar ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a tsakar gida, ba a nuna an damu da shi in manya suna kusa. Ɗiyata ta fari ce. "Yarinyar nan" nake ce mata, har yau.

Tana da shekara ɗaya da wata huɗu na samu wani cikin. Mijina ya riga ya tafi cin rani Najeriya bayan an gama girbi. Uwarsa, wadda nake kira Inna, ita ta fara ganewa, don ta ga ina kauce wa warin daddawa. Ta ce nonon mai ciki ba shi da kyau ga yaro, a yaye ta. A ranar aka yi. Ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, ta ce kada in kusance ta sai ta manta da nono. Ba mugunta ba ce. Inna ta yaye 'ya'ya bakwai haka, duk sun rayu.

Amma wannan ta ƙi cin komai. Kunu ta ƙi, fura ta ƙi, tuwon da aka dama da ruwan miya ta tofar. Ruwa kawai take karɓa, wani lokaci ɗan kunu kaɗan in an matse mata hanci. Ina daka ina jin kukanta ta bayan katanga. Kwanakin farko kukan mai ƙarfi ne, daga baya ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa. Akwai wata tsakiya ja da na ɗaura mata a wuyan hannu, wadda da take nutsewa cikin nama. Wata safiya ina shara na hango ta ta zame har gwiwar hannu. Na share wurin nan sau uku, ba don yana da datti ba. A rana ta goma Inna ta leƙo ƙofata ta ce, "Ɗauko karne, takardar awonta ta asibiti, da kwano mai murfi. Madarumfa za mu tahi."

Babur ɗin kabu-kabu ɗaya muka hau. Inna a tsakiya goye da ita, ni a can baya, kan yarinyar yana taɓa ƙirjina in mun faɗa rami. Kusancin da ba mu yi ba ke nan tun ranar yaye. Da muka kusa gari na hango tabki. Ni ruwan da na sani shi ne na bayan garinmu, wanda ke ƙafewa kafin sanyi ya fita. Wannan kuwa ya shimfiɗe har ido ya gaji. Manyan kukoki suna tsaye a cikinsa, ruwa ya kai masu ƙugu, balbelu sun rufe rassansu fari fat. Wani mutum yana tsaye cikin kwalekwale kamar a tsakar gidansa. Ban san na ce "Subhanallahi" da ƙarfi ba.

Inna ta ce, "Ruwa ne. Ba ki taɓa ganin ruwa ba? Riƙe kwanon da kyau."

A asibiti malamar da ke duba yara ta naɗa mata wani ɗan zare mai launi uku a damtse. Karatuna na lakwal bai wuce aji uku ba, amma launi na gane. Ya tsaya a kan ja. Ta yage bakin wata leda mai ɗauke da abinci kamar tunkuzar gyaɗa mai zaƙi, ta ba Inna. Yarinyar ta datse baki. Malamar ta ce a miƙa yarinyar ga uwarta. Na karɓe ta, idon mata cike da ɗaki a kaina, na kau da fuskata gefe kamar ɗiyar maƙwabta aka ba ni. Ita kuwa ta damƙi wuyan rigata tana neman nono, tana ihu. Inna ta yi maza ta karɓe.

Malamar ta yi mana magana a hankali. Ta ce, "Ku fita da ita ta huce. Ku dawo da la'asar in sake gwadawa. In ta ci, ku tafi gida da ledojin nan, ku riƙa zuwa duk mako. In ba ta ci ba, gado za a ba ta, a sa mata roba ta hanci. Ba za mu bari ta ƙara kwana haka ba."

Na ga yaran da aka sa wa robar ta tagar wani ɗaki.

Da muka fito Inna ta gyara goyo, ta ce, "Garin ga cike yake da abinci. Ko za mu bi shi rumfa-rumfa, sai mun samu abin da bakinta zai karɓa."

Wajen mai waina muka fara. Na san waina, ta gero, baƙa-baƙa, wadda ake yi ranar suna. Wannan ta shinkafa ce, fara tas. Tandarta tana da gurabe da yawa, matar kuma ba ta ko dubawa. Tana hira da maƙwabciyarta, hannunta yana zuba ƙullu da ludayi, gurbi bayan gurbi, kafin ta kai na ƙarshe na farko ya kumbura ya yi ƙofofi. Ta sa ɗan ƙarfe ta juya shi, sai ga bayansa ja kamar an shafa masa lalle. Inna ta gutsuri tsakiyar mai laushi, ta hura, ta kai bakin yarinyar. Ta kau da kai.

"Zuba a kwano," in ji Inna. "Ke ki ci mana."

"Na ƙoshi, Inna."

Rabona da abinci tun tuwon jiya, shi ma ban ci na kirki ba. Amma ga maza suna wucewa, ga uwar miji a tsaye.

Gaba kaɗan mai awara ce. An yanka ta murabba'i kamar sabulu, fara, tana rawa in an taɓa tire. Na tambayi Inna a hankali ko cuku ne. Mai awarar ta ji, ta yi dariya ta ce, "Wake ne, amarya, waken suya. Daga wane daji aka fito da ke?" Na rasa yadda wake zai zama haka. A gabana ta jefa cikin mai, farin nan ya zama ruwan zinariya, ta tsame, ta barbaɗa yaji, ta ɗora yankakken kabeji da albasa. An wanke yajin daga guda ɗaya an ba yarinyar. Ta ture hannun. Aka zuba a kwano.

Mai fanke ita ce ta fi tsayar da ni. Takan damƙi ƙullu, ta matse, wani dunƙule ya fito ta saman hannunta ya faɗa mai. Ya nutse, ya taso, ya kumbura, sannan ya juya da kansa ba wanda ya taɓa shi. Na tsaya ina jiran in ga ko na biyu ma zai yi. Ya yi. Duk suka riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya kamar an kira sunansu. Kusa da ita wata tsohuwa ta buɗe farin ƙyalle daga kan tire, sai ga alkaki a naɗe kamar gammo ƙanana, yana ƙyalli, zuma tana bin gefensa, ƙudan zuma biyu suna kewaya. Na taɓa ganinsa sau ɗaya cikin garar wata amarya, amma ba a ba yara ba. Tsohuwar ta ce, "Wannan ko majinyacin da ya yi sallama da duniya yakan buɗe masa baki." Inna ta lakaci zumar ta shafa mata a leɓe. Yarinyar ta goge bakinta da bayan hannu, ta kwantar da kai.

Mun je wajen mai dambu, inda tururi ke tashi daga madambaci, zogale kore shar cikin farin tsaki, ana zuba masa man gyaɗa da soyayyar albasa. Mun je wajen mai ɗan wake. Kwanon ya cika har murfin ya daina zama. Ina tafe a bayansu ina rungume da shi, ɗuminsa a cikina, ƙamshi kala-kala yana fitowa ta gefen murfi. Duk lokacin da na ɗaga kai, idon yarinyar yana kaina ta gefen zanen goyo. Sai in mai da nawa ƙasa.

Aka kira azahar. Inna ta yi salla a gindin wata bishiya da goyonta. Inuwa ta fara karkata. Na riƙa duban ta ina auna saura nawa la'asar.

Rumfar ƙarshe tana bakin tabki, ƙarƙashin wata tsamiya. Mai ita wata babbar mace ce, hannayenta duk tabon fantsalar mai. Masunta suna kawo mata kifi yana motsi. Ta kankare karfasa, ta tsaga gefenta sau uku, ta cusa gishiri da tafarnuwa, ta sake ta cikin kasko, mai ya yi ƙara kamar saukar ruwan sama a kan kwano. A gefe wata tukunya tana tafasa a hankali, romon tarwaɗa ne, ƙamshin citta da kanumfari ya cika wurin.

"Sannunku da rana," in ji ta. "Ku zauna, bancin ba ya cizo."

Inna ta zauna ta kwance goyo, ta ba ta labari a taƙaice. Ni na tsaya a jikin turken rumfa. Mai kifin ta ɗebo romo a ƙaramin kwano, ta fifita, Inna ta gwada da cokali. Romon ya bi haɓar yarinyar ya zube.

Matar ba ta ce a sake gwadawa ba. Ta tsaya da matsami a hannu tana duban yarinyar, sannan ta bi inda idonta yake, har ta iso kaina.

"Yaya, wannan da ke tsaye kamar an dasa ta, wace ce?"

"Matar ɗana ce."

"To uwar yarinyar tana ina?"

Na duƙar da kai ina kallon murfin kwano.

"Ayyo," in ji ta. "Ta fari ce." Ta yi 'yar dariya. "Mutanen ƙauye, ku da kunyarku sai Allah. Ke ɗiyata, dube ni. Leɓenki ya yi fari. Yaushe rabonki da abinci?"

"Na ƙoshi, Iya."

"Kin ƙoshi da mi? Da ƙamshi? Ga ciki a gaba, ga kwano cike a hannu. Wuce nan."

Ta ɗaga wata zana da ta kare bayan rumfar. Ɗan wuri ne, tabarma ɗaya, buta, da buhun gawayi. "Nan ba kasuwa ba ce, ɗakina ne. Ba mai ganinki sai Allah, shi kuma ya san kina jin yunwa." Na dubi Inna. Ta ɗaga mini haɓa, alamar in shiga.

Sai matar ta ce, "Yaya, kawo yarinyar ita ma ta zauna a tabarma, bayanki ya sha iska."

"Za ta nemi nono," in ji Inna.

"Ta nema. In ba a ba ta ba ai shi ke nan. Daga nono kuka ce za ku yaye ta, ko daga uwa?"

Ban taɓa jin an yi wa Inna magana haka ba. Inna ta murza bakin zanenta. Can sai ta miƙe, ta kawo yarinyar da kanta ta zaunar a ƙarshen tabarma, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Bari in je in ga ruwan nan da kyau, tunda na zo." Ita da ta ce mini da safe ruwa ne kawai.

Yarinyar ta rarrafo, ta kama rigata, ta fara kukan nan nata siriri. Mai kifin ta turo mini kwanon romo da tsokar tarwaɗa a ciki, da karfasa guda mai zafi a kan takarda, ta tsaya a bakin zana ta ce, "Kar ki ba ta komai. Kar ki lallashe ta. Buɗe kwanonki ki ci. Ci kamar ba ki da tarbiyya, ki tanɗe baki ta ji."

Na buɗe. Wainar ce a ƙasa, na tono ta. Ta huce, amma da na tsoma ta a romo ta sha, na kai baki, sai ta narke. Akwai ɗan tsami a cikinta, can baya, wanda romon ya taso da shi. Citta ta hau mini har hanci. Ban san tarwaɗa tana da maiƙo haka ba, mai laushi kamar ɓargo. Awarar tana da ɓawo a waje, cikinta kuwa lallausa, ba ta da wani ɗanɗano nata sai wanda yaji ya ba ta, kuma hakan ne daɗinta. Na gutsuri fanke, na ga cikinsa duk ɗakuna ne na iska, na gane abin da ke juya shi a mai. Karfasar fatarta tana ƙaras-ƙaras, namanta fari yana rabuwa falle-falle, da zaƙin ruwan da ta fito ciki ɗazu. Da na ciji alkaki, zuma ta fito daga cikinsa ta cika mini baki, da wani tsami-tsami na tsamiya da ya hana zaƙin ya gundure ni. Hawaye suka zubo mini. Ashe duk wannan yana nan, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga ɗakina, mata irina suna yin sa da hannunsu kowace rana.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Na ɗan lokaci na manta da yarinyar. Na manta da la'asar da robar hanci. Ci kawai nake yi.

Shirun ne ya dawo da ni. Ta daina kuka. Tana tsaye a kan gwiwoyinta, ta dafa cinyata, tana kallon bakina. Na ci gaba da tauna, a hankali yanzu. Ta miƙo hannun nan mai tsakiya, ta taɓa leɓena. Ta tura yatsa cikin bakina, ta lakato ɗan naman kifi, ta dube shi. Ta sa a nata bakin.

Ban motsa ba. Na ga maƙogwaronta ya yi sama ya sauko.

"Cire ƙaya," in ji mai kifin daga bakin zana, murya ƙasa-ƙasa. "Ki fara kai wa bakinki, sannan nata. Kaɗan-kaɗan."

Haka na yi. In murje tsoka tsakanin yatsuna sai na tabbata ba ƙaya, in taɓa a leɓena, in miƙa mata. Ta karɓa. Na jiƙa waina a romo, na tsotse yajin, na ba ta. Ta karɓa. Na ƙirga loma tara, daga nan na bar ƙirga. Ta hau cinyata ta zauna sosai, bayanta a jikin cikina. Sau ɗaya ta juya ta ja rigata, na ce mata "A'a," na nuna mata kifi, ta haƙura.

Ina cikin haka na ga ƙafafun Inna a ƙarƙashin zana. Ta leƙo. Hannuna ya tsaya a sama da loma, yarinyar ta buɗe baki tana jira. Kunya ta rufe ni: ga ni da ɗiyar fari a cinya, bakina duk maiƙo. Inna ta ɗaga kai ta dubi sama da ni, ta ce, "Tsamiyar ga ta yi 'ya'ya bana." Ta saki zanar, ta koma banci ta ba mu baya. Na ji tana ce wa mai kifin, "Zubo mini romon nan naki in ji abin da ake yayi." Muryarta ba daidai take ba.

Da la'asar muna asibiti. Ni na riƙe yarinyar. Malamar ta yage leda, na lakata na lasa tukuna a gaban duk matan da ke ɗakin, sannan na ba ta. Ta ci fiye da rabi. Malamar ta yi rubutu a karne, ta haɗa mana ledoji da magani, ta ce mu dawo mako mai zuwa. Muka wuce ta gaban tagar nan ban duba ciki ba.

A gida ba a yi maganar ba. Yarinyar ta ci gaba da kwana ɗakin Inna. Amma duk lokacin cin abinci sai Inna ta kawo ta ƙofata da kwano ɗaya, ta ce za ta shiga maƙwabta ɗebo wuta, ko da murhunmu yana ci.

Mun yi ta komawa Madarumfa har zaren nan ya bar ja, ya bi ta rawaya, ya kai kore. Kowane zuwa sai mun bi rumfunan mun sayi abin da ba mu gwada ba: tubani a naɗe cikin ganye, nakiya mai yaji-yaji, kantun riɗi, dakuwa. Ba na ci a hanya, har yanzu ba na iyawa. Sai mun kai bayan zana. A zuwanmu na ƙarshe tsakiyar ta koma wuyan hannu ta matse, har Inna ta ce a ƙara mata zare. Mai kifin ta ɗaga yarinyar sama tana jijjiga nauyinta, ta ce da ni, "Wai ni duk zuwan nan ba ki gaya mini sunan ƙawata ba. Mi sunanta?"

Na buɗe baki, ya ƙi fita. Ta kwashe da dariya har ta dafa turke. Inna ce ta faɗa mata daga kan banci. Yarinyar ta ji sunanta ta waiga, sannan ta juyo gare ni ta buɗe baki. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cire ƙaya.